Daga Kano zuwa Legas awa ɗaya da rabi ne, amma ga wa?

Duk wanda ya yanki tikitin jirgin sama daga Kano zuwa Legas zai ga an rubuta masa awa ɗaya da rabi, wani kamfanin ma ya ɗora minti goma a kai don ya rage wa kansa surutun fasinja. Lissafin kuwa ba ƙarya ba ne. In aka ja zare a miƙe daga Filin Jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammad da ke Ikeja, za a sami kilomita 835 ko kusa da haka. Jirgin fasinja irin wanda kamfanoninmu ke aiki da shi, in ya gama hawa ya daidaita, yana cinye kusan kilomita 800 a awa. Ke nan gundarin tafiyar awa guda ce da 'yan mintuna. Ragowar lokacin yana ƙarewa ne a rarrafe zuwa titin tashi, da hawa, da saukowa, da shawagin jiran hasumiyar Legas ta ba da izini idan jirage sun yi layi.

Wannan awo na matuƙi ne da mai sayar da tikiti. Yana farawa sa'ad da aka rufe ƙofar jirgi, ya ƙare sa'ad da aka buɗe ta. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai ba haka yake ƙirga ba. Shi ƙirgensa yana farawa ne daga lokacin da inji ya yi shiru, ba ya kuma tsayawa sai inji ya sake ruri. In kaya zai fitar, yana ƙirga ne daga bakin get ɗinsa har zuwa hannun mai saye. Da wannan ƙirgen ya kamata mu riƙa auna nisan Kano da sauran duniya. In kuwa da shi aka auna, akwai wuraren da Kano ta fi nisa da su yau fiye da shekara 60 da suka wuce, alhali taswira ba ta canza ba.

Mu ɗauki abin da kowane manajan masana'anta ya sani. Ranar Litinin da hantsi, a wata majemar zamani a Chalawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ta ƙona ɗan allon lantarkin da ke sarrafa injin aske fata. Abu ne da za ka iya sa shi a jakar hannu. An tura yaro a babur ya zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, babu. An buga wa dillali a Legas, ya ce akwai. Kafin ya karɓo a sito, ya keta cunkoson Oshodi, ya isa Ikeja, jirgin yamma ya tashi. Talata da asuba aka miƙa kayan, can sai ga saƙo a waya cewa jirgin safe ya koma na yamma, ana ba da haƙuri. Ya sauka Kano bayan isha, mai ba da kaya ya rufe ofis ya tafi gida. Laraba da safe aka karɓa, direba ya ratsa gari daga arewa zuwa kudu, yana kokawa da 'yan adaidaita sahu har ya hau hanyar Panshekara. Injiniya ya ɗaura, aka gwada, aka saita. Aiki bai kankama ba sai Alhamis.

Kwana uku ke nan a kan tafiyar minti 90. A cikin kwana ukun nan fatun da aka kwaso daga gangunan jima suna jibge, mai saye a Italiya yana ƙirga kwanakin wa'adinsa. 'Yan aikin yini, waɗanda sai an shiga aiki ake rubuta musu kuɗi, suna zaune a gindin darbejiya a bakin get, kowa da wayarsa a hannu, suna tambayar maigadi ko an ji labari. Mai shinkafa da wake ta sauke tukunya, ta ga babu mai saye sai mai neman bashi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga jirgi, amma jinkirin jirgin a aljihunsu ya sauka.

Shi ya sa wasu manajojin suka daina dogara da jirgi a irin wannan hali. Gara su sa a miƙa wa direban doguwar bas kayan a Legas, su tare shi a Sabon Gari washegari. Tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, gwargwadon hanyar da direba ya ɗauka, kuma takan ci kusan kwana guda. Amma sun san ranar da za ta iso. Mai masana'anta ya fi son abin da zai zo a awa 24 tabbas a kan abin da zai iya zuwa a awa 5, zai kuma iya kai awa 50. Wanda bai gane wannan ba, bai gane abin da ake nema a wurin jirgin sama ba.

Ba kuwa zargi ba ne kawai. Alƙaluman da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA take fitarwa sun sha nuna cewa kusan rabin jiragen cikin gida, wata shekarar ma fiye da rabi, ba sa tashi a kan lokaci. Dalilan sanannu ne. Kamfani yana da jirage 'yan ƙalilan, jirgi guda shi zai je Abuja, ya je Fatakwal, ya koma Legas, sannan ya nufo Kano. Minti 40 ɗin da aka rasa da safe kafin yamma ya haifi awa uku, kuma mu da muke ƙarshen layi mu muke kwasar tarin. Ga tsadar man jirgi da ƙarancinsa, ga rufe sama don wani babba zai wuce.

Sai kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara takan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titin sauka, jirgi ya yi ta zagaye ya koma Abuja, ko ma a hana shi tasowa tun daga can. To amma hazo ba baƙo ba ne a Kano, ya girmi ganuwa. Akwai na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka ko da matuƙi bai ga ƙasa ba sai ya zo dab da ita, kuma da su ake aiki a biranen Turai da hazon sanyi ke rufewa. Sharaɗin shi ne na'urar ƙasa ta kasance lafiya kuma a riƙa saita ta a kan kari, jirgin ya kasance yana da tasa, matuƙin kuma an horar da shi an ba shi shaida. In ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, sai a ɗora wa hunturu laifi. Abin da ke zuwa kowace shekara a lokaci guda ba a kiran sa ba-zata.

Kada a ɗauka ina cewa jirgin sama ne zai ceci masana'antun Kano. Bokiti da buta da kujerar roba na Sharaɗa ba za su taɓa hawa jirgi ba, haka fulawar Bompai da lemon kwalba na Chalawa. Riɗi da zoɓon Dawanau ma kayan kwantena ne da jirgin ruwa. Kuɗin dakon kilo guda a sama ya fi kuɗin kayan kansu. Abin da ke buƙatar jirgi kaɗan ne a sikeli, amma shi ke riƙe da sauran: kayan gyaran inji, samfurin da za a aika wa mai saye ya duba launi da laushi, magungunan rini masu tsada, injiniyan da zai zo daga Indiya ko Turkiyya ya kafa sabon inji, shi kansa mai sayen da yake so ya ga masana'anta da idonsa kafin ya sa hannu, da kuma gyararriyar fata wadda aka gama aikinta, mai tsada, marar nauyi, wadda masu ɗinkin jaka da takalmi a Turai suke jira kafin kakar sayayya ta wuce.

A kan wannan fatar nake so in ɗan tsaya, domin ita ce ta fi tona mana asiri. Jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi, fatarsu ta yi suna a duniya tun zamanin ayari. Majeman Kano suna jeme ta da bagaruwa, raƙuma su ɗauka ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa gaɓar teku, Turawa su saya su kira ta fatar Maroko. Tafiyar watanni ce, amma fuskar Kano arewa take kallo, inda kasuwar take. Da layin dogo ya iso a 1911, sai aka juya fuskar kudu. Gyaɗa da fata da ƙirgi suka koma bin Legas. Bompai, wadda ta girmi sauran unguwannin masana'antu, a gefen layin dogon nan ta girma. Sharaɗa da Chalawa sun biyo baya ne bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa.

Jirgin sama ya so ya mayar wa Kano ƙofarta ta arewa. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Hartum, inda fasinja da wasiƙu ke kama jirgin Landan. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta Kano suke bi, su wuce Maiduguri da Hartum zuwa Alƙahira. Bayan yaƙi, jiragen wancan zamani ba sa iya ratsa Afirka a numfashi ɗaya, dole su sha mai a bakin Sahara, kuma babu wurin da ya fi Kano dacewa. Kamfanin KLM ya fara zuwa a 1947. Akwai lokacin da Bakano zai hau jirgi a garinsu ya sauka a Turai bai ga Legas ba.

Abin da ya kawo su shi ya tafi da su. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, buƙatar tsayawa shan mai ta kau, sai suka riƙa wucewa ta sama. Ragowar kuma suka bi inda gwamnati da kamfanonin mai suke, wato Legas, daga baya Abuja. KLM ya daure har 2012, shekara 65, sannan ya naɗe tabarmarsa. Wannan ba makirci ba ne, ciniki ne. Laifinmu shi ne a duk tsawon shekarun da jiragen duniya suke sauka a ƙofar Bompai, ba mu ba su wani dalilin zuwa da ya wuce famfon mai ba.

Ga inda abin ya kai mu. Daga Kano zuwa birnin Rum na Italiya kilomita 3,300 ne da 'yan kai. Daga Legas zuwa Rum kusan 4,000 ne. Wato Kano ta fi Legas kusa da kasuwar fatarta da kusan kilomita 700, tafiyar kusan awa guda a sama. Amma fatar da ake gaggawarta sai a loda ta a mota a Chalawa, ta bi Zariya da Kaduna, ta sha shingayen hanya da ramuka har Legas, ta kwana a layin sito, sannan a sa ta a jirgi. Jirgin kuma in ya tashi ya miƙe arewa, in hanya a buɗe take, ta saman ƙasar Kabi da Sakkwato zai bi, inda aka yi kiwon akuyar tun farko. An biya kuɗin kilomita 1,000 zuwa kudu, an sake biyan kuɗin dawowa ta sama, kuma duk a cikin farashin fatar ake cirewa, har ya gangaro kan abin da mai sayen ɗanyar fata zai ba mahauci a kasuwar ƙauye.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba masu jirage Kano ta rasa ba. Kabo Air a nan aka kafa shi a 1980. IRS na gidan Isyaku Rabi'u ne. Max Air da Azman a Kano suka kafa sansani. Da wuya ka sami wani gari a Najeriya, in ka cire Legas, da ya fitar da masu kamfanonin jirage kamar haka. Amma hankalin harkar ya fi karkata ga jigilar alhazai da masu umara da fasinjan Abuja da Legas. Ban ga laifinsu ba, Jidda kasuwa ce mai tabbas, kowace shekara sai an je. Sai dai sakamakon shi ne filin jirginmu ya zama tashar mutane, kaya kuwa sai wanda 'yan kasuwa suka shigo da shi daga Dubai da Sin. Masu harkar sun daɗe suna kokawa cewa jiragen dakon kaya suna shigowa Najeriya a cike, su fita kusan wayam.

Mu waiwayi maƙwabta. Daga Kano zuwa Yamai kilomita 705 ne a sama, zuwa Injamena kusan 710. Dukansu sun fi Legas kusa. Damagaram kilomita 200, Maraɗi 220. Waɗannan su ne masu sayen kayanmu na haƙiƙa. Shiga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ka saurara, za ka ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram da Larabcin Cadi, kuma robobi da taliya da katifa da sabulun da ake lodawa a manyan motoci, da yawansu daga Sharaɗa da Chalawa suka fito. Duk da haka, mai masana'antar da yake so ya je Yamai ya gana da babban dilansa, galibi zaɓinsa biyu ne. Ko ya bi mota ta Katsina da Jibiya da Maraɗi da Ƙonni da Doso, fiye da kilomita 900. Ko kuma ya hau jirgi ya yi kudu zuwa Abuja ko Legas, wani lokacin ya sake canji a Lome, sannan ya dawo arewa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba ta zama ta yini guda, ko ta kwana.

Siyasa ma ba ta bar abin ya huta ba. A Yamai ɗin nan Shugaba Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka ranar 7 ga Yuli 2019. Watan da ya biyo baya aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe hanya ya rufe sama, sai a farkon 2024 aka ɗage, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Wane kamfanin jirgi ne zai zuba kuɗi ya buɗe layin da takarda guda daga fadar shugaban ƙasa za ta iya kashe shi a dare ɗaya? Ko lokacin korona mun gani: an dawo da jiragen ƙasa da ƙasa a Legas da Abuja a Satumba 2020, Kano sai Afrilu 2021. Wata bakwai ɗan kasuwar Kano yana biyan tikiti biyu kafin ya fita ƙasar.

Amma a nan dole a rarrabe, domin ba kowace gajeriyar tafiya ce ta jirgi ba. Kano zuwa Maraɗi, ƙaramin jirgi mai farfela zai yi ta a kusan minti 40. Haɗa da zuwa filin jirgi, da isa awa biyu kafin tashi, da bincike, da hatimin fasfo, da jiran jaka, sai ka ga wanda ya kama hanya a mota tun asuba bai bar ka da nisa ba, kuɗinsa kuma bai kai naka ba ko kusa. Jirgi ya fi shan mai wajen tashi da hawa, kuɗin sauka da na hukumomi kuma ba ya raguwa don tafiya gajera ce, saboda haka kowace kilomita ta gajeren zango ta fi ta dogo tsada. Maganin Maraɗi layin dogo ne, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da kuma rage shingayen da ke kan titi. Yamai da Injamena su ne zangon jirgi, kuma ba ƙaton jirgi suke buƙata ba. Mai kujera 50 zuwa 70, sau uku a mako, a rana sananniya da lokaci sananne, ya wadatar a fara.

Wannan lissafin ne ya sa nake ɗaga gira duk lokacin da na ji wata jiha ta ce za ta gina filin jirgi, musamman in aka laƙa masa sunan na dakon kaya. An buɗe na Dutse a 2014, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota daga Kano ba. Katsina na da nata, kilomita 140 kacal a sama. Gini ba ya kiran jirgi. Da kuɗin da ake binnewa a sababbin titunan sauka an gyara hanyoyin da ke kawo kaya filin da yake da masana'antu a bayansa, da Arewa gaba ɗaya ta fi cin riba. Amma gwamna ba ya yanka ƙyalle a kan sito mai aiki dare da rana.

Na san abin da masu kamfanonin jirage za su ce, kuma suna da gaskiya. Jirgin dakon kaya kamar motar tasha yake, sai ya ga lodi yake tsayawa. Ina lodin? Masaƙu da yawa a Bompai da Sharaɗa sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ambaliyar atamfar waje, wasu an mayar da su sito, wasu ciyawa ta cinye harabarsu. Waɗanda suka rage suna fama da wuta. A ƙarshen Oktoba 2024 Kano da yawancin Arewa sun yi kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, duk mai aiki a lokacin da dizal ya yi. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, tun 2020 aka fara shi. Tashar hasken rana ta megawat 10 da aka buɗe a Chalawa a Janairu 2023 abin yabo ce, amma ba ta isa ta ɗauki unguwar ba. In babu wuta babu kaya, in babu kaya babu jirgi. Na yarda.

Inda ban yarda ba shi ne a ce sai an gama gyara wuta za a taɓa maganar filin jirgi. Akwai lodi yanzu, a warwatse yake. Kowace majema tana aika nata ita kaɗai, ta hannun dillalinta na Legas, ba wanda ya san jimillar abin da ke fita daga Kano a mako. Kuma ba sai an jira jirgin dakon kaya ba. Jiragen fasinja na Habasha da Masar da Ƙatar da suke zuwa Kano suna da wurin kaya a cikinsu, daga Adis Ababa da Alƙahira da Doha kuwa babu inda kaya ba ya isa. Habasha ba ta da teku ko taku ɗaya, amma furanninta da kayan fatarta suna isa Turai, saboda ta ɗauki sashen kaya na filin jirginta da muhimmancin da wasu suke ba tashar ruwa. Mu ma nesa muke da teku, sai dai har yanzu muna tunani kamar waɗanda tashar ruwan Apapa ke bayan gidansu.

Abin da zai sa mai fata ya yarda ya fitar da kayansa ta Kano ba wani abin al'ajabi ba ne. Yana so ya kawo kaya da yamma ya tarar da sikeli da na'urar bincike suna aiki. Yana so kwastan da masu duba lafiyar kayan dabbobi da masu binciken miyagun ƙwayoyi su duba a wuri guda, a lokaci guda, kada a buɗe ƙunshi sau huɗu, kowa da nasa hannun a miƙe. Yana so a rubuta kuɗin da za a biya a allo. Mai jiran kayan gyara kuma yana so in jirgi ya sauka ƙarfe goma na dare, a ba shi abinsa ƙarfe goma sha ɗaya, domin injin da ya tsaya bai san lokacin tashi daga ofis ba. Wannan aikin hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN ne da kamfanonin da ke kula da kaya da kwastan, kuma bai kai kuɗin gadar sama guda ba.

Gwamnatin jiha ita ma tana da nata. Bompai maƙwabciyar filin jirgi ce, haka yankin ciniki marar haraji na Fanisau. Amma Sharaɗa da Chalawa da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairu 2023, duk a ɗaya gefen gari suke. Motar kaya daga Chalawa zuwa filin jirgi, in ta faɗa cunkoson tashi daga kasuwa, tana iya ɓata lokacin da ya ishi jirgi ya kai Abuja, kilomita 365. Hanyoyin cikin unguwannin masana'antun kansu, duk wanda ya shiga da damina ya san halinsu. Ga hanyar zagaye ta yamma da aka daɗe ana aikinta, wadda ita ce ya kamata ta ɗauke manyan motoci daga tsakiyar gari. Minti 40 da aka rage a ƙasa daidai yake da minti 40 da aka rage a sama, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Amma nauyin farko a wuyan masu masana'antun yake. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da rassa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, ga kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA. Shekara da shekaru ana taron manema labarai ana kukan an mayar da Kano saniyar ware. Kukan yana da tushe, sai dai kamfanin jirgi ba ya karanta kuka, tan yake karantawa. Su zauna su tattara: tan nawa na fata da sauran kayan gaggawa ke barin Kano kowane mako ta Legas, zuwa waɗanne ƙasashe, a kan nawa kilo, kuma kwana nawa yake ɗauka daga get zuwa cikin jirgi. Su haɗa lodin a hannun dillali guda ko biyu, su je wa kamfanin jirgi da alkawarin cika wuri kaza kowane mako na tsawon shekara. Haka kuma su ƙirga mutum nawa daga cikinsu da dilolinsu ke zuwa Yamai da Injamena a wata, su kai wa masu jiragen da ke zaune da su a gari ɗaya, waɗanda suke haɗuwa da su a ɗaurin aure kowace Asabar.

Ga 'yan majalisarmu na tarayya kuma, musamman waɗanda ke kwamitocin sufurin jiragen sama: in shugabannin hukumomin nan sun zo kare kasafin kuɗi, ku bar tambayar fenti da kujerun ɗakin manyan baƙi. Ku tambaye su tan nawa na kayan da aka ƙera a Kano ya tashi daga filin jirgin Kano bara, jirage nawa aka juya saboda hazo, kuma awa nawa ƙunshin fata yake yi tsakanin ƙofar sito da cikin jirgi. Ku sa a ba ku amsar a rubuce, ku buga ta a jarida, badi kuma ku sake tambaya.